Koren Falon Alhaja Sikira

Ajiye rolar fentin nan, ɗan nan, ba haka ake riƙe ta ba, ai ba muciya ba ce. Tun ɗazu nake kallonku daga kan bencin nan. Kun shigo shagon fenti da waya a hannu, kuna nuna wa mai shago hoton wani ɗaki kuna cewa irinsa za ku yi da kanku, wai zuwa gobe kun gama. To, Allah ya ba da sa'a. Ni sunana Ɗanlami, haifaffen Fagge, kuma tun iyayenku ba su san juna ba nake gyara gidajen da za a sayar ko a zuba wa 'yan haya. Ba sai kun juyo mini da wayar ba, na san muryar wadda kuke kallo. Ngozi ce. A kafaɗar nan tawa ta yi wayo. Tunda mai shago ya tafi sito ɗauko muku kaya, ku matso ku ji yadda na rasa dillalina na ƙarshe a dalilinta.

Gidan farko da na shiga da sunan aiki wani gidan haya ne mai ɗaki-ɗaki a Sabon Gari, ina bayan Oga Cletus, mahaifin ita Ngozin. Ibo ne, gajere, mai faɗa, Hausa a bakinsa kamar a cikin birni aka haife shi. Na zo da ɗokin riƙe burushi, shi kuwa ya miƙo mini wani guntun ƙarfe da ya yanko daga tsohon zarto, ya naɗa masa tsumma a gindi, ya nuna mini bango ya ce in kankare. Damina ta zo ta wuce ina kankara. In ba kankara ba, to ina tace farar ƙasa da tsohon gidan sauro, ko ina wanke bokiti a bakin famfo matan gidan suna yi mini tsiya. Idan na ce na gama bango, Oga ba ya dubawa da ido. Tafin hannu yake sawa ya shafo daga sama har ƙasa, in ya ji ko da ƙwayar gero ce sai ya dungure mini ƙeya. Kullum cewa yake shafa fenti shi ne abu na ƙarshe a aikin nan, kuma kowane sakarai ya iya.

Ranar da ya yarda na zama mutum ita ce ranar da ya ba ni bakin zare. A lokacin ba a yi wa ɗaki kala ɗaya. Daga ƙasa zuwa daidai ƙirjin mutum fenti mai mai ake shafawa, mai ƙyallin nan, daga nan zuwa sama kuma fentin ruwa ko farar ƙasa. Kuma da dalili. Mutanenmu a tabarma suke zama su jingina da bango, ga man kai, ga yara da hannun miya, ga ruwan buta na fantsama. Fenti mai mai kuwa tsumma da ruwan sabulu za ka sa ya dawo sabo. Wurin raba su biyun nan ne aikin yake. Sai a tsoma zare a cikin bular wanki, mutum biyu su ja shi ya yi tauri, ɗaya ya ɗago tsakiyarsa ya saki, ya daki bango ya bar shuɗin layi a miƙe. A kan layin nan za ka bi da bakin burushi, ba tef, ba komai, sai numfashinka da ka riƙe. Duk tsohon gidan da kuka shiga a Fagge ko Sabon Gari kuka ga layin nan bai karkace ba, to ko nawa ne ko na Oga.

Wani gida a Kwaciri ne ya koya mini wanda yake sayen gida. Mun gama aiki ke nan dillali ya kawo wani Alhaji da matarsa. Alhajin ya yi ta ƙwanƙwasa bango da makullin mota, yana leƙa rufi, yana tambayar takardu, ni kuma na zuba masa ido. Oga ya zungure ni ya ce in daina kallon mai gida, in kalli uwargida. Ta shiga wannan ɗaki ta fito, ta shiga wancan ta fito, mayafinta a naɗe kamar mai jiran mota a bakin titi. Da ta shiga wani ɗakin sai ta sassauta mayafin ya sauko kafaɗa, ta nemi wuri ta zauna. Oga ya ce in tattara kaya, an sayi gida. Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar ban taɓa ganin abin ya saɓa ba, kuma duk dillalin kirki a garin nan ya sani: ɗakin da mace ta zauna a ciki, shi ya sayar da gidan. Shekara da shekaru kuwa a ɗakunan da na shafa mata suke zama.

Falon Alhaja Sikira kuwa tamkar gidana na biyu ne. Bayarabiya ce 'yar Fagge, a nan aka haife ta, atamfa take sayarwa a Kwari. Ni da Oga muka fara ja wa falonta zare ana gab da sunan 'yarta Ramota, muka shafa shuɗi. Daga nan ya zama duk wani abu da ya same ta sai ta aiko a kira ni a sauya kala. Da ta dawo daga Makka, ruwan ɗorawa. Bikin Ramota, ruwan hoda. Da mai gidanta ya rasu ta fita takaba sai ta ce kore, kuma a koren muka tsaya, in ya dusashe in zo in ƙara wani. Sharaɗinta ɗaya ne, ba ta yarda a kankare. Ta ce ƙura za ta ɓata mata dilolin atamfa, in ɗora sabo a kan tsoho kawai. Na yi ƙorafi har na gaji na bi ta a haka. Idan rana ta take sai ta sa a kawo mini amala da miyar ayayo, ta zauna a bakin ƙofa tana tsokanata wai Bahaushe bai iya cin yaji ba.

Da Oga ya tsufa zai koma garinsu, ni ya kira ya damƙa wa zaren nan da guntun zarton. Ba Ngozi ba. Ita ɗan shagon labule gare ta a cikin kasuwa, ko burushi ba ta taɓa wankewa ba. Ku riƙe wannan da kyau.

Mummunar shekara ita ce shekarar kulle, da aka hana mutane fita saboda annoba. Wa zai buɗe wa mai fenti ƙofa? Burushina ya sandare a gwangwanin kananzir, tsanina ya zama wurin shanya. Na ce ba komai, in an buɗe gari aiki zai dawo. Ashe a zaman gidan nan ne Ngozi, da shagonta ke rufe, ta jingina waya a kan kujera ta fara ɗaukar kanta tana gyara ɗakinta. Me take yi? Ta shafa wa bango ɗaya kala ta bar sauran. Ta rataya madubi ya kalli taga. Ta ja tsohuwar atamfa a kan katako ta kafa a bango. Ta cire jan ƙwan lantarki ta sa fari, ta sauya mariƙin durowa, ta kwashe rabin tarkacen ɗaki ta kai waje. Shi ke nan fa. Da Hausar nan tata ta Sabon Gari, tana dariya, tana ce wa mata ba sai kin kira mai fenti ba. Aka buɗe gari, amma ƙofofin da na saba shiga ba su sake buɗe mini ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi nake yi, har gobe ma. Ranar nan a bakin kasuwa ina tsaye da tsani ina jiran adaidaita, duk direban da ya hango tsanin sai ya ƙara wuta. Sai ga ta ta fito, ga direbobi na rige-rigen ɗaukarta, ga mata sun tare ta ana hoto. Ni na shafe rabin unguwar nan, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce Ɗanlami, bangonka ya yi kyau. A yaba gida, a yaba mai gida, a yaba dillali, mai fenti kuwa ko sannu. Ita ta shafa bango ɗaya a karkace duniya ta san sunanta. Hatta matata na kama ta tana kallo, da ta ji tahowata ta tura wayar ƙarƙashin filo.

Dillalan da ke kirana suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mai gida sai ya ce me zai sa a kira ma'aikaci, yaransa za su yi ranar da ba makaranta. Ya rage saura Alhaji Tasi'u, mai zama a gindin darbejiya kusa da tashar jirgin ƙasa. Mun daɗe tare, kuma shi kaɗai ne har lokacin idan aka ba shi gida yake cewa sai Ɗanlami ya shiga tukuna. Da aikinsa nake cefane.

Ana haka Alhaja ta aiko. Ciwon gwiwa ya hana ta kasuwa, ɗanta da ke Ilori ya matsa ta koma wurinsa, za a sayar da gidan, kuma Alhaji Tasi'u aka ba. Na je na tarar da gardama a tsakar gida. Ramota, wadda na shafa shuɗi saboda sunanta, yanzu uwar 'ya'ya ce, ta kafe ita da yaranta za su gyara gidan yadda Ngozi ke nunawa. Alhaja ta buga sandarta a ƙasa ta ce falonta dai ba mai taɓa shi sai ni. Aka raba. Falo nawa, ɗan ɗakin baya da ake ajiye atamfa na Ramota, sauran ɗakuna a wanke su kawai. Da muka fito zaure Alhaji Tasi'u ya riƙe hannuna, bai kalli idona ba.

"Malam Ɗanlami, masu gidaje sun dame ni da maganar yarinyar nan. Zan tsaya in ga inda matar mai saye za ta zauna. Inda ta zauna, irinsa zan riƙa faɗa wa mutane su yi."

Na ce masa na yarda. Dariya ma na yi, don falon Alhaja da ɗakin ajiya ai ba haɗi.

Ban taɓa zuba wa aiki ƙarfi kamar na falon nan ba. Na wanke bangon da ruwan sabulu mai ɗumi, na cike ramukan ƙusa, na bi da samfefa har sai da tafin hannuna ya daina jin komai a kai. Kore na sayo, na haɗa shi da kaina ya yi duhun da Alhaja ke so, na tace shi ta tsohon ɗankwali don kada ko gashi ya shiga. Sama na ba shi farin fentin ruwa. Wurin zare na roƙi mai shayin ƙofar gida ya riƙe mini baki ɗaya, sai da na yi masa faɗa irin na Oga kafin ya ja yadda ya kamata. Layi ya fito a miƙe. Da bangon ya bushe, in ka tsaya a gabansa kana ganin inuwarka.

Ina cikin aikin Ngozi ta leƙo, Ramota ce ta kira ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, Kawu take ce mini tun tana ƙarama. Ta tsaya tana kallon layin ta ce rabon da ta ga irinsa tun babanta na nan, ko zan bari ta ɗauke ni a waya ina jan zare. Na ce ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce da na ɗan sassauta koren nan, matan yanzu haske suke so. Na ce mata tun ba a yaye ta ba nake shafa koren nan mata suna zama. Ta ba ni haƙuri ta wuce ɗakin baya. Ladabin nata ma haushi ya ba ni, da rashin kunya ta yi mini da na samu abin riƙewa.

Da su Ramota suka fita cin abinci na leƙa ɗakin nasu. Wallahi kuskure ta ko'ina. Bango ɗaya suka shafa wa fenti ruwan madara, bakinsa a karkace, fenti ya ɗiga a siminti sun rufe da darduma. Ramukan ƙusa ba su cike ba, fayafai suka rataya a kai. Ga madubi yana kallon taga, ga farin labule marar nauyi, ga 'yar kujera, ga tulu an cusa masa ganye. Amma ɗakin nan da na sani kamar rami, ba komai sai duhu da warin dilolin atamfa, ya buɗe. Iska na kaɗa labule, haske ya cika shi. Na daɗe a bakin ƙofar fiye da yadda na yi niyya. Ranar ko amalar ban taɓa ba.

Washegarin gama aiki, bayan la'asar, aka kawo mai saye, wani ɗan kasuwar yadi ne da matarsa. Na fake da wanke burushi a bakin famfo na tsuguna a tsakar gida. Mijin ya shiga falo ya ƙwanƙwasa bango da makulli, ya shafa, ya ce wannan aikin masu aiki ne, irin na da. Raina ya yi fari. Matar ta cire takalmi ta shiga, ta tsaya a tsakiya, ta juya ta kalli koren nan da layina, mayafinta a naɗe.

"Alhaji, wannan ai kamar ɗakin jira na asibiti."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba ta ma san mai aikin na jin ta ba. Ta fito ta bi ta gabana ta leƙa sauran ɗakuna har ta kai na baya. Daga inda nake tsugune ina hango ta ta ƙofa. Ta kalli madubin, ta taɓa labulen. Mayafin ya sauko kafaɗa. Ta ja 'yar kujerar nan ta zauna, ta kira mijinta ya zo ya gani. Alhaji Tasi'u ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan carbinsa. Ni kuma na ci gaba da wanke burushin da ya riga ya fita tas.

An sayi gida. Ranar da Alhaja za ta tafi Ilori ta ba ni shadda, ta ce falonta bai taɓa yin kyau kamar wannan karon ba, kuma na san har zuciyarta ta faɗa. Alhaji Tasi'u bai wulaƙanta ni ba, kada in yi masa ƙarya. Muna gaisawa, yana tambayar iyali, in na bi ta gindin darbejiya ya saya mini shayi. Aiki ne dai bai sake kirana ba.

Bayan an kwana biyu sai ga kira daga sabuwar matar gidan. Ta sayi takardar bango mai furanni ta manna a falo, da safe ta tarar da ita a ƙasa. Ta shafa fentin ruwa, ya bushe ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Dama fenti mai mai ba ya karɓar komai a kansa sai irinsa. Ta aika wa Ngozi tambaya, Ngozi ta ce mata wannan ba aikin da za ta yi da kanta ba ne, sai an kankare har siminti, kuma mutum ɗaya ta sani da zai iya. Kun ji fa. Aikin da ya zo mini ma ta hannunta ya biyo. Na so in ce ba ni da lokaci, amma buhun masara a gida ya kusa ƙarewa. Na ɗauki guntun zarton Oga na tafi.

Kankare fenti mai mai ba wasa ba ne. Sai ka jiƙa shi da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ka jira ya kumbura, sannan ka bi da ƙarfe, ga zafi a hannu ga yaji a ido. Na fara daga kusurwar ƙofa. Koren da na shafa, wanda ko ƙyallinsa bai tafi ba, ya naɗe ya faɗo. Ƙarƙashinsa wani koren, ƙarƙashin wannan ma wani. Sai ruwan hoda ya leƙo, na bikin Ramota, har da gurbin da akwatin lefe ya goga. Sai ruwan ɗorawa. Sai shuɗi. Ina kankara suna taruwa a ƙafata, matar gidan tana turo tsintsiya tana kwashewa a tsohon buhu. Kirki gare ta, ba laifi, har ruwan sanyi ta kawo mini, tana ta mamakin wane irin mutum ne zai yi ta lafta wa bango fenti haka. Na ce mata mutanen da ne.

Da na kai siminti sai ga shi. Bula ta shiga jikin bangon ta zauna, siririn layi shuɗi daga wannan kusurwa zuwa waccan, a miƙe, daidai ƙirjina. Wanda ni da Oga muka ja ne, shi a can bakin taga yana yi mini tsawa in ƙara ja, ni a nan bakin ƙofa. Na sa tafin hannu na bi shi. Matar ta zo ta tsaya a bayana tana leƙe.

"Baba, wannan layin ma zai fita ko? Kada ya nuna ta cikin takardar."

"Zai fita, Hajiya."

Na naɗa samfefa a jikin katako na goge shi. Bai ɗauki lokaci ba.

Ga mai shago nan ya dawo da bokitinku. Ku duba murfin, kada ya ba ku wanda ya sha iska. Abin da ake kirana yanzu ke nan, kankara, inda na fara nan na dawo, ina bi gida-gida ina cire abin da na shafa. In kun koma kuka tarar ɗakin naku mai layi ne a ƙirji, ƙasansa na ƙyalli, kada ku ɓata fentinku, ba zai kama ba. Ku tambayi Ngozi. Tana da lambata.